Yadda Ake Gyaran Yoyon Mai A Famfon Injekta Na Tsohon Injin Gas

Ɗigon man gas da ke sauka daga jikin famfon injekta abu ne da masu tsofaffin motoci da janareto da taraktoci suka saba gani, har wasu sun ɗauke shi tamkar gumin tsufa, su sa tsumma su goge su ci gaba da harkarsu. Amma lissafi kaɗan ya isa ya nuna asarar. Idan aka ƙaddara ɗigo 30 ke cika mililita ɗaya, kuma famfo yana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, to a awa ɗaya an zubar da mililita 120. Janareton da ke aiki awa 10 a rana zai zubar da lita 36 a wata. Kuɗin mai ke nan kawai. Babbar ɓarnar tana wurin da man ke sauka: yana narkar da tiyon ruwan lagireto, yana cin robar da inji ke zaune a kanta, idan kuma ya samu bel ɗin taimin ya jiƙa shi, wata rana bel ɗin zai zubar da haƙora ana cikin tafiya, fistin ya haɗu da bawul, gyaran ƙaramar roba ya koma sauke inji gaba ɗaya.

Wannan darasi ya fi mayar da hankali kan famfon da ake kira Bosch VE, domin shi ya fi yawa a ƙananan injinan gas na da. Kamfanin Bosch na ƙasar Jamus ne ya ƙera shi, kuma ya yi suna ne da motar Volkswagen Golf mai shan gas ta shekarar 1976. Daga baya kamfanonin Japan irin su Denso da Diesel Kiki, wanda ya koma Zexel a 1990, suka riƙa ƙera irinsa da izinin Bosch. Shi ya sa wanda ya buɗe murfin Toyota Hilux ko HiAce mai injin 2L, 3L ko 5L, ko Nissan mai TD27, ko Isuzu mai 4JB1, ko Mitsubishi mai 4D56, zai ga kusan abu ɗaya ne, sai dai sunan da ke kan farantin jikinsa ya bambanta. Sabbin injinan da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsu ba sa cikin wannan bayani ko kaɗan. Ƙarfin man da ke cikin bututunsu ya haura bar 1,300, wasu har 2,000, kuma ba a sassauta musu bututu inji na aiki.

Abin da ke faruwa a cikin famfon

Famfon VE akwati ne cike da man gas. Babu baƙin mai a cikinsa, man gas ɗin da yake turawa shi ne kuma yake shafe ƙarafunansa yana sanyaya su. A gabansa akwai ƙaramin famfo mai fukafukai da ke jawo mai daga tanki ya cika akwatin, kuma matsin da ke cikin akwatin yana ƙaruwa ne gwargwadon gudun inji, daga bar kaɗan zuwa wajen 7 ko 8. A bayansa akwai kan famfo, wani dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu inda bututun nozul suke fitowa. A cikin kan akwai fulanja guda ɗaya tak, tana juyawa tana kuma kai da komowa, tana raba wa kowace silinda nata kason a kan lokaci. Nan ne ake samun matsi mai tsanani, domin nozul ba ta ma buɗewa sai matsi ya wuce bar 100.

Wannan ya raba yoyo gida biyu. Akwai na ɓangaren akwati, inda zoben roba da sil ne ke tare mai. Mafi yawan yoyo daga nan yake, kuma yakan bayyana a matsayin danshi ko ɗigo. Akwai kuma na ɓangaren matsi, inda ƙarfe ne ke zaune a kan ƙarfe ko a kan woshar jan ƙarfe. Wannan yakan fito da feshi ko kumfa daidai da bugun inji. Feshin nan ba a taɓa shi da hannu. Mai mai matsi yana huda fata ya shiga tsoka, ramin ya zama kamar na allura, mutum ya raina shi, bayan kwana ɗaya ko biyu yatsa ya fara ruɓewa. Wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa nan take, ya kuma faɗa wa likita cewa mai ne ya shiga da ƙarfi. Idan ana neman feshi, guntun kwali ake karawa.

Dalilin da roba ke sakin mai

Tsufa da zafi su ne na farko. Zoben roba yana aiki ne saboda an matse shi yana ƙoƙarin komawa siffarsa. Bayan shekara ashirin ko talatin yana shan zafi, sai ya daskare a baje, ya daina turawa, wani lokaci ma idan aka ciro shi karyewa yake kamar busasshiyar taliya.

Akwai dalili na biyu da ba kowa ya san shi ba. Tsofaffin famfuna sun zo da robar da ake kira nitril, wadda ke ɗan kumbura idan ta jiƙu da wasu sinadarai da ke cikin man gas na da. Kumburin nan yana taimaka mata ta toshe hanya. Tace mai don rage masa salfa, wato farar wuta, yakan rage waɗannan sinadarai, sai tsohuwar roba ta motse, mai ya samu hanya. An ga haka a Amurka a 1993 lokacin da aka sauke salfar man gas na motoci zuwa kashi 500 cikin miliyan, aka sake gani a 2006 da aka sauke zuwa kashi 15. Famfunan da suka yi shekaru a bushe suka fara zuba cikin 'yan makonni. A Afirka ta Yamma an daɗe ana shigo da mai mai salfa da yawa, har Najeriya ta taɓa amincewa da kashi 3,000 cikin miliyan, amma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50. Saboda haka mai tsohon inji da ya ga yoyo ya taso bayan ya canza wurin shan mai, ba lallai ne an sayar masa da gurɓataccen mai ba, mai yiwuwa ma mai tsabta ya samu, robarsa ce ta gaji. Maganin shi ne robar zamani da ake kira Viton, wadda canjin mai bai cika damunta ba.

Gurɓataccen man ma yana da nasa laifin, amma ta wata hanya. Gas da aka sirka da kananzir ba shi da santsi, ruwa kuma yana kawo tsatsa. Su biyun suna cinye shaf da bushin, kuma da zarar ƙarfe ya ci, sabuwar roba ba ta daɗewa.

Gano inda man ke fitowa

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar fanka kuma tana kora shi baya, don haka inda aka ga ɗigo ba safai yake zama inda yoyon yake ba. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan: layin da kwamfuta ta nuna kuskure sau da yawa ba shi ne ya haddasa matsalar ba, can sama aka yi ɓarnar. An sha cire famfo lafiyayye a kai wa masu gyara, alhali ƙaramin tiyon da ke mayar da rarar mai daga nozul ne ya tsage yana ɗiga a kansa.

Sai inji ya huce sarai kafin a fara. Ba a watsa wa famfo mai zafi ruwan sanyi, domin tazarar da ke tsakanin fulanja da raminta ba ta wuce maikiron kaɗan ba, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Idan kan famfo ya motse farat ɗaya, zai iya kama fulanja ya riƙe. A wanke famfon da kananzir da buroshi, a goge shi ya bushe ƙarau, sannan a barbaɗa masa farar hoda ko garin alli ko'ina, har ƙasansa da bayansa. A tayar da inji, a haska fitilar waya, a zuba ido. Wurin da hoda ta fara yin duhu, mafi tsayi daga cikinsu, shi ne tushen. Wani yoyon ba ya fitowa sai an taka totur matsi ya hau, wani kuma sai an kashe inji ya kwana. Gefen da ke fuskantar jikin inji ana leƙa shi da ƙaramin madubi, ko a zura waya a ɗauki bidiyo.

Akwai yoyon da ba a gani da ido, alamarsa kawai ake ji. Motar da ke wahalar tashi da safe amma tana tashi bugu ɗaya da rana, galibi iska ce ke shiga ta wata tsohuwar roba cikin dare, mai ya sulale ya koma tanki. Idan aka sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da famfo, za a ga kumfar iska tana wucewa.

Na biyu ya fi haɗari. A injinan da giya ke juya famfonsu ba bel ba, irin su Nissan TD27 da TD42, Mitsubishi 4M40, Cummins da Perkins, hancin famfon yana cikin inji ne. Idan sil ɗin gaba ya mutu, man gas ba ya zuba ƙasa, cikin baƙin mai yake tafiya. Alamar ita ce gejin baƙin mai yana hawa maimakon sauka, man ya tsinke yana warin gas. Injin da baƙin mansa ke ƙaruwa da kansa a kashe shi a ajiye. Tsinkakken mai ba ya kare metal, kuma idan ya cika ya yi yawa inji zai iya fara shan sa ta hanyar iska, ya ɗauki gudu shi kaɗai, a zare makulli ya ƙi mutuwa.

Kayan aiki da shiri

Sifana mai lamba 10, 13, 14, 17 da 24, alanki mai lamba 5, sukudireba, ɗan tsinken roba ko na katako don ciro zobe, tsumma marar gashi, da ledoji masu tsabta don rufe bakin bututu. Sai kit ɗin robobi na ainihin famfon. Lambar famfo tana jikinsa a gefe. Ta Bosch tana farawa da 0 460. A ɗauki hotonta a je da shi kasuwa, ya fi a ce wa mai shago "na Hilux".

Zoben roba na cikin akwatin da ake sayarwa barkatai ba abin yarda ba ne. Wasu an yi su ne don famfon ruwa ko man birki, idan suka sha gas sai su kumbura su yi laushi cikin kwanaki. Launi ma ba hujja ba ne. Viton yakan zo kore ko ruwan ƙasa, amma ana rina roba mai arha da kowane launi. Gam ɗin silikon, sufa gulu, sabulu da farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa duk ba su da wuri a nan. Gas yana narkar da silikon, gutsurensa ya shiga ciki ya toshe wata ƙaramar huda.

A cire kan batir kafin a kwance komai. Gas ba ya kama wuta da sauri kamar fetur, sai ya yi zafin da ya wuce digiri 55 yake fitar da tururi mai kamawa, amma a jikin salansa mai zafi ko kusa da tartsatsin waya yana ci sosai. Sannan a ɗauki hoto kafin kowane mataki. Hoton nan shi ne madogara idan aka rikice wajen mayarwa. Kuma a gyara wuri ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na gaba. Wanda ya kwance wuri huɗu lokaci guda, inji ya ƙi tashi, ba zai san wanne ne ya ɓata ba.

Masu sauƙi

Bol mai huda da ke riƙe bututun shigar mai da na fitarsa yana da woshar jan ƙarfe biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wosha takan taurare bayan an matse ta sau ɗaya, don haka ƙara ɗaurewa ba ya hana yoyo, sai dai ya cinye zaren jikin famfo, wanda na alminiyam ne. A sa sababbi. Idan ana daji babu shago, ana iya gasa tsohuwar a wuta har ta yi ja, a bar ta ta huce, ta yi laushi ta sake aiki sau ɗaya.

Abin lura a nan: bol biyun sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Na fita an rubuta OUT a kansa, kuma hudarsa ƙarama ce ƙwarai, kusan rabin milimita. Ita ce ke riƙe matsin cikin akwati, matsin nan kuma shi ke gabatar da lokacin feshi idan inji ya ɗauki gudu. Idan aka musanya su, inji zai tashi amma ba ƙarfi, ga hayaƙi, a yi ta zargin nozul a banza.

Solonoyid ɗin da ke kashe inji, wanda waya ɗaya ke shiga kansa a saman kan famfo, yana da zoben roba ɗaya. Sifana 24 ke kwance shi. A ɗaga shi a hankali, domin akwai ɗan sifirin da ɗan fistin mai kan roba a ciki da ke son faɗuwa. Idan aka manta ba a mayar da fistin ɗin ba, inji zai tashi amma makulli ba zai kashe shi ba.

A ƙasan famfo, hagu da dama, akwai murafu biyu masu bol bibbiyu, kowanne da zobensa. Ɗaya fili ne, ɗayan kuma akwai sifirin mai ƙarfi da siraran shim a bayansa. A riƙe murfin da yatsa yayin kwancewa, a kuma ƙirga shim ɗin a mayar da su yadda suke. Wanda ke gefen inji yakan yi wuyar kaiwa sai an cire famfo.

Idan notin bututun nozul ne ke feshi, a sassauta shi, a daidaita bakin bututun ya zauna tsakiya, a ɗaure da misalin Nm 25. Kullum a riƙe mazaunin da ke jikin famfo da sifana 14 yayin da ake juya notin da 17, don kada mazaunin ya biyo. Bututun da ya tsage canza shi ake yi. Walda ba ta jure wannan matsi, kuma tana canza faɗin ramin ciki.

Sandar totur da murfin sama

Wannan shi ne yoyon da ya fi yawa, domin sandar totur tana juyawa duk lokacin da aka taka, zobenta kuma ɗan ƙarami ne. Alamarsa mai yana taruwa a ƙarƙashin hannun totur yana gangarowa ta kan murfi. Aikin ba shi da wuya, amma a nan mutane suka fi ɓata famfo.

Hannun totur yana zaune a kan sandar ne da ƙananan haƙora. A saman sandar akwai tsaga, a jikin hannun kuma akwai 'yan layuka. Kafin a taɓa noti, a goge wurin, a ga layin da tsagar ke kallo, a ɗauki hoto daga sama daidai, a kuma ƙara yin alama da abu mai kaifi. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa inji ya ƙi tashi, ko ya tashi da gudun da zai firgita kowa. A lura da yadda sifirin ɗin da ke mayar da hannu ya naɗe da inda ƙugiyarsa ta kama, sannan a kwance notin mai lamba 10 a cire hannun.

Murfin yana da bol huɗu. Wani lokaci ɗaya yana ɓoye a ƙarƙashin sukurun da ke saita silo, sai an janye shi. Idan haka ne a auna tsawonsa tukuna. Akwai kuma sukurun mai a bayan murfi, wanda ke ƙayyade iyakar man da famfo zai bayar. Bakinsa yana dafe da wani hannu a ciki, kuma yakan hana murfi fita ko komawa. Idan dole sai an janye shi, a ƙirga zagayen da aka yi a rubuta, domin rubu'in zagaye a wannan sukuru yana canza hayaƙi da zafin inji. Shi ma yana da nasa zoben, a canza shi tunda an zo wurin.

Ba a fizge murfin sama. Sandar totur tana haɗe da sifirin ɗin gwamna a ciki, don haka ana danna sandar ƙasa da yatsa yayin da ake ɗaga murfin, ta zame ta zauna a cikin famfo. Da zarar an buɗe, a rufe bakin da leda mai tsabta. A lokacin hunturu da ƙura ke tashi, gara a yi aikin a cikin ɗaki, ko a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna.

Kafin a sa sabon zobe a mayar da sandar cikin raminta a girgiza ta gefe da gefe. Idan tana rawa, bushin ya ci, kuma sabon zobe ba zai yi wata uku ba. Ana sayar da bushin daban, ana fitar da tsohon a matsa sabo. Aikin minti kaɗan ne a wurin masu gyaran famfo idan aka kai musu murfin kawai. A shafa wa sabon zobe man gas, a rufe haƙoran sandar da leda don kada su yanke shi wajen shiga, a sa sabuwar robar murfi a cikin kwarinta, a mayar. Murfin ya zauna da kansa. Idan ya tsaya saura kaɗan, to bakin sukurun mai ne ya hau kan hannun ciki, kuma matse shi da bol zai lanƙwasa hannun.

Zoben kan famfo

Babban zobe ne da ke tsakanin akwatin alminiyam da kan ƙarfe. Alamarsa ɗigo daga ƙasan mahaɗar. Akwai dabarar canza shi ba tare da cire famfo ba, kuma bidiyoyinta sun cika intanet: a cire bututun nozul, a juya inji har fulanja ta hau tudu, a cire bol ɗin tsakiyar kai a sa mai tsawo da zare iri ɗaya don ya dafe fulanja, a sassauta bol huɗun kaɗan kaɗan ana ƙara dafewa, har zoben ya leƙo, a yanke shi, a ja sabo ta kan ƙarfen ya faɗa kwarinsa.

Dabarar tana aiki, amma bidiyon ba ya nuna waɗanda ta ƙi musu. A gindin fulanja akwai wani shim da bai kai girman ƙwayar magani ba, bayan faranti mai tudu kuma akwai rola huɗu da ba abin da ke riƙe da su sai matsin sifirin. Idan kan ya janye fiye da kima, shim ya zame ko rola ta faɗi, ba za a ji ƙara ba, ba za a ga komai ba. Sai an ɗaure an buga kik fulanja ta karye, kuma kai da fulanja tare ake sayar da su, kuɗinsu ya kusa na famfo na hannu. Wanda bai taɓa ganin cikin famfon a kan tebur ba, ya cire shi ya kai wa masu injin gwaji. A can ana kafa shi a tsaye, hanci ƙasa, yadda komai zai zauna a wurinsa.

Sil ɗin gaba

Shi ma sai an cire bel ko giya, wato an taɓa taimin. A kawo inji kan alamominsa, a ja layi da abu mai kaifi daga kunnen famfo zuwa mazauninsa kafin a sassauta notin da ke riƙe da shi. Fule yana zaune a kan shaf mai tsini, da abin ja ake fitar da shi. Dukan shaf da guduma yana lalata kayan ciki. Mafi yawan tsofaffin famfuna suna da ɗan makulli a jikin shaf da ke mayar da fule wurinsa, amma wasu na baya, kamar na Land Rover 300Tdi da wasu Volkswagen TDI, ba su da shi, kuma idan aka kwance babban notin tsakiya saitin masana'anta ya tafi. A tabbatar da irin wanda ake da shi tukuna.

Shaf ɗin yakan zama milimita 17 ko 20, sil ɗin ma haka. A shafa farce a inda leɓen sil ke zama. Idan an ji kwari, ko shaf yana rawa sama da ƙasa, aikin ya wuce canjin sil. Bel ɗin da gas ya jiƙa ba a wanke shi a mayar, sabo ake sawa. Bayan haɗawa, saiti na gaskiya da agogon awo ake yinsa ta ramin tsakiyar kai, ana auna tafiyar fulanja; a 300Tdi misali milimita 1.54 ne, kowane inji kuma da nasa adadin. Saitin kunne yana tayar da inji, amma ba ya ba da daidai.

Taraktoci da Marsandi

Taraktocin Massey Ferguson masu injin Perkins galibi famfon CAV DPA suke da shi, ƙirar Ingila tun shekarun 1950. Yoyonsa ya fi fitowa ta sandar totur da sandar kashe inji, kowacce da zobe biyu, da kuma gasket ɗin murfi. Tarkonsa sifirin ɗin gwamna ne: akwai huda uku a kowane gefen da yake maƙalewa, kuma dole ya koma hudar da ya fito.

Tsofaffin Marsandi kuma famfo mai layi suke da shi, kowace silinda da fulanjarta, baƙin mai ne kuma ke shafe ƙasansa. Yakan yi yoyo ta gindin mazaunin bututu a sama, inda akwai zobe da woshar jan ƙarfe. A injinan OM601, OM602 da OM603 sai da soket mai haƙora na musamman, kuma ɗaurin sau uku ne: Nm 30 a sassauta, Nm 30 a sassauta, sannan Nm 35. Wuce haka yana iya murɗe jikin famfon. Famfon hannu da ke gefe shi ma yakan tsufa ya riƙa zuba yana shan iska, kuma canza shi ɗungurungum ya fi sauƙi.

Fitar da iska da tayarwa ta farko

A danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, ko a cika akwatin da tataccen gas ta ramin OUT. A sassauta notin bututu a bakin nozul rabin zagaye, a buga kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta minti ɗaya don kada kik ya ƙone, a maimaita har mai ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure.

Duk wanda ya buɗe murfin sama ya shirya wa gudun da ba a so. A cire tiyon iska, mutum na biyu ya tsaya da faffaɗan katako mai kauri wanda zai rufe bakin shan iska gaba ɗaya. Idan inji ya zabura, a kifa katakon, zai mutu cikin daƙiƙu. Tafin hannu ko tsumma ba sa wannan aiki, inji zai zuƙe su. A mota mai giyar hannu ana iya taka birki, a sa babbar giya, a saki kuloci.

Idan ya tashi lafiya, a bar shi ya yi zafi, a sake wankewa a barbaɗa hoda, a duba yana silo, a duba an taka totur, a kuma sake dubawa washegari da safe kafin a tayar. Inda gas ya riga ya shiga baƙin mai, a juye man a canza filtarsa kafin motar ta hau titi.